Yadda Ake Ceto Kundin Dattijon da Ya Riƙe Tarihin Gari Bayan Ya Rasu

Da wuya ka shiga wani gari a ƙasar Hausa ka tambayi asalinsa ba a ce maka "je ka wajen wane" ba. Wani wuri tsohon hedimasta ne, wani wuri tsohon magatakardan hakimi ne tun zamanin En'e, wani wuri kuma limami ne ko ma maroƙin fada. Shi ya san jerin masu garin da shekarun da kowanne ya yi, shi ya san inda tsohuwar ganuwa ta bi kafin a yanka wurin filaye, shi ne kuma ke da hoton ranar da aka buɗe makarantar farko. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, gari kan cika da jimami, matasa su cika Facebook da hotonsa, wani ma ya kawo shawarar a sa wa titi sunansa. Duk ba laifi. Sai dai yayin da ake wannan, ɗakinsa na can a buɗe, yara na shiga suna fita, wata jika ta yagi takarda ta ƙunshe ƙuli-ƙuli, kuma kafin damina biyu gara ta gama da abin da ya kwashe rayuwarsa yana tarawa. Wanda ke son a tuna da irin wannan bawan Allah, daga ɗakin nan zai fara.

A kulle ɗakin tukuna

Zaman makoki ba wurin maganar takardu ba ne, duk wanda ya tayar da ita a nan za a ɗauke shi maras ta ido, ko ma a zarge shi da kwaɗayin wani abu. Abu ɗaya kawai ake roƙo a kwanakin nan. Ka sami babban ɗan mamacin ko ƙaninsa a keɓe, bayan ka yi masa ta'aziyya ka ce: "Yaya, don Allah a sa kwaɗo a ɗakin littattafan Baba, kada a share, kada a ba kowa aron komai sai hankali ya kwanta." Shi ke nan. Makullin ya zauna a hannun mutum ɗaya da kowa ya yarda da shi.

Aron nan shi ne babbar ƙofar asara. Masu zuwa da "marigayi ya yi mini alkawarin littafi kaza" suna da yawa, kuma wasunsu gaskiya suke faɗa. A rubuta sunan kowa da abin da ya ce, a ba shi haƙuri zuwa bayan rabon gado.

Maganar gado

Littattafai da takardu dukiya ce, haƙƙin magada ne, babu wata ƙungiyar ci gaban gari ko fada da ke da ikon ɗauka ba da yardarsu ba. Matsalar ita ce idan aka raba su yadda ake raba tufafi da kwanuka, wannan ya ɗauki rabin jerin sarakuna ya tafi Kaduna, wancan ya ɗauki ɗaya rabin ya tafi Legas, kowa ya sami rabonsa amma tarihin ya mutu. Don haka tun kafin ranar rabo, a je wa malamin da zai raba da bayani, a nemi ya gabatar wa magada zaɓi. Ko su yarda baki ɗaya su mayar da kundin waƙafi da sunan mahaifinsu, ko a yi masa kuɗi a sa shi cikin rabon mutum ɗaya da zai iya riƙewa, ko kuma masu hali na gari su saya su ajiye. Idan akwai marayu ƙanana cikin magada, ba a kyautar da rabonsu, sai dai a biya su. A kuma bincika ko mamacin ya bar wasiyya a kan littattafan, domin wasiyya tana zartuwa matuƙar ba ta wuce sulusin dukiya ba.

A ganina waƙafi ya fi, kuma hujjar da ke ratsa zuciyar magada ba ta da nisa: ilimin da ake amfana da shi yana cikin abubuwan da ladansu ke bin mamaci. Duk abin da aka amince a kai, a rubuta, magada su sa hannu har da mata, a sami shaidu, a kai wa hakimi ko dagaci kwafi.

Kada a manta da matarsa. Tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma, sai a aika mace ta yi mata bayani cikin ladabi. Sau da yawa ita ta san wace jaka ce ke ƙarƙashin gado, ita ta san wanda ya karɓi aro bara bai dawo da shi ba.

Ranar buɗe ɗaki

Mutum uku sun isa: wakilin iyali, wanda ya iya karatun ajami da Larabci, da wanda zai riƙe biro da littafin rajista. Taron jama'a ba ya haifar da komai sai ɓacewar kaya. Kafin a taɓa komai, a ɗauki hoton ɗakin yadda yake, kowane lungu, kowane akwati a buɗe. Dalili kuwa, yadda dattijon ya jera kayansa shi ma bayani ne. Idan ka tarar ya ɗaure wasiƙar hakimi da wata waƙar ajami da rasit ɗin haraji wuri guda da tsumma, akwai abin da ya haɗa su a kansa, ko da kai ba ka gano ba tukuna. Mai son tsari ya zo ya ware wasiƙu gefe, waƙoƙi gefe, ya yanke zaren da ba zai ƙullu ba har abada.

Sai a ba komai lamba a yadda aka same shi. Akwati na 1, ƙunshi na 3, takarda ta 12, a rubuta 1/3/12 da fensir mai taushi, ƙanana, a kusurwar bayan takardar. Ban da biro, ban da maka. A cikin rajista kuma a rubuta lambar, da irin abin, da harshen da aka rubuta shi, da yawan ganyensa, da shekara idan akwai, da halin da yake ciki: lafiya lau, ko gara ta ci gefe, ko ruwa ya taɓa shi. Layi ɗaya ya ishi kowane abu. Ba yanzu ake karatu ba, kuma nan ne aikin kan tsaya, don da zarar an ci karo da wasiƙa mai daɗi sai kowa ya zauna sauraro har la'asar.

Tsofaffin rubuce-rubucen hannu na malamanmu ba a ɗinke suke ba, ganye-ganye ne a cikin gafaka ko tsakanin kwali biyu, kuma galibi ba su da lambar shafi. Idan suka hargitse, duba can ƙasan bayan ganyen, wajen hagu. Za ka ga kalma ɗaya tilo a rataye ita kaɗai: ita ce kalmar farko ta ganyen da ke biye. Da ita ake mayar da littafi yadda yake. Ka kuma ɗaga ganye ɗaya ka duba shi ta hasken taga. Idan ka ga alamar jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar, irin takardar nan ce da ake yi a Italiya, fatake na kawo ta ta hamada daga Tarabulus da Masar. Wannan ba zai ba ka shekara ba, amma ya ishe ka sanin cewa abin da ke hannunka ba na wasa ba ne.

Abokan gabar takarda

Gara, ɓera, kyankyaso, danshi, sai kuma mai kyakkyawar niyya. Na ƙarshen nan ya fi ɓarna. Shi ne zai ɗauki wasiƙar sarki mai hatimi ya kai shago a like ta cikin roba da zafi, wai don ta daɗe. Abin da aka like haka ba ya fitowa, kuma zafin da gam ɗin suna cin takardar a hankali. Haka salatif: bayan 'yan shekaru zai bushe ya faɗi, ya bar tabo ruwan ƙasa a kan rubutun. Takardar da ta yage a sa ta cikin farar takarda da aka ninka biyu, a bar ta haka. A cire ƙusar sitefila da allura da kilif da robar ɗaure kuɗi, duk tsatsa suke yi ko su narke.

Tawadar gargajiya da ake haɗawa da ƙaro ruwa na wanke ta, shi ya sa ma ake wanke allo. Saboda haka ban da jiƙaƙƙen tsumma, ban da lasar yatsa wajen buɗa shafi, ban da kofin shayi a kan tabarmar aiki. Ƙura kuwa da burushi mai laushi ake kaɗe ta, daga tsakiya zuwa gefe. Takardar da ta yi fumfuna a ware ta, a shimfiɗa a inuwa inda iska ke wucewa har ta bushe sarai, sannan a kaɗe a waje da ƙyalle a hanci. Kada a shanya a rana, kada kuma a fesa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a jikin takarda.

Wajen ajiya, kowane ƙunshi a sa shi tsakanin kwali biyu masu kauri, a naɗe da farin ƙyallen auduga da aka wanke babu sitati. Leda ba ta dace ba, tana riƙe gumi. Akwatin ƙarfe yana hana ɓera, amma a ɗora shi kan benci ko bulo, a janye shi daga jikin bango da kamar taƙi ɗaya, domin ta ƙasa da bango gara ke zuwa. A zaɓi ɗakin da rufinsa ba ya yoyo.

Ɗaukar hoto

Wayar hannu mai kyamara mai kyau ta isa. A shimfiɗa baƙin ƙyalle kusa da ƙofa ko taga da hantsi, inda akwai haske amma rana ba ta dukan wurin. A kashe fitilar kyamara. Wayar ta tsaya daidai saman takardar, ba a karkace ba, kuma gefunan takardar huɗu su fito a hoton, don malamai kan yi ƙarin bayani a gefe, wani lokaci ma na gefen ya fi na tsakiya amfani. A ɗauki gaba da baya ko da bayan fari ne. A ajiye 'yar takarda mai ɗauke da lambar abin a gefensa, ta fito a hoton, sannan a sa wa hoton wannan lambar a matsayin suna.

Kwafi uku ake so, kuma kada su kwana gida ɗaya: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a ma'ajiyar da ake jonawa wadda za a kai wani gari, ɗaya a intanet. WhatsApp ba ma'ajiya ba ce. Yana rage ingancin hoto idan ba a tura shi a matsayin fayil ba, kuma ranar da waya ta faɗa rijiya zance ya ƙare.

Idan akwai kaset-kaset, wanda dattawan nan da yawa sun naɗi hira da na gaba da su, fara da ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na saman kaset don kada wani ya danne maɓalli ya goge. Zura biro a ramin ka juya a hankali ka ji ko zaren na tafiya. Kada ka fara gwada tsohuwar rakoda da kaset mai muhimmanci, gwada ta da wanda ba a damu da shi ba, don rakodar da ta daɗe a ajiye tana tauna zare. A jona rakodar da kwamfuta ta kebul a naɗe, a kuma ajiye kaset ɗin bayan an gama.

Abin da bai rubuta ba

Wannan shi ne sashen da ya fi kowanne gaggawa, don takarda idan an adana ta za ta jira, tsofaffi kuwa ba sa jira. Rabin abin da marigayin ya sani a kansa yake, kuma gutsattsarinsa na nan wajen waɗanda suka zauna da shi: abokan majalisarsa na ƙofar gida, ladanin masallacinsu, ɗalibansa, wanzaminsa, 'yan'uwansa mata. Tsofaffin mata musamman, su ne suka riƙe wa ya auri wa, wa ya shayar da wa, wace zuriya ta zo daga ina, abin da littafin maza kan tsallake.

A je wa kowa shi kaɗai, a gidansa, da ɗan goro ko abin da ya sauwaƙa. Idan ka tara su wuri ɗaya, mai sarauta ko mai babbar murya zai yi magana, saura su ce "haka ne". A nemi izini kafin a kunna na'ura, a fara da faɗin ranar da wurin da sunan mai magana. Kada ka ce "Baba, ba mu tarihin garin nan", za ka sami abin da ake faɗa wa kowane baƙo. Ɗauki tsohon hoto ka miƙa masa ka ce "Baba, su wane ne waɗannan?" Ko ka ce "Inna, ranar da aka tashi kasuwa daga tsohon wurinta, kina gidan wa?" Sannan ka yi shiru. Duk labarin da aka ba ka, ka bi shi da tambaya ɗaya: "Kin gani da idonki, ko wa ya faɗa miki?"

Tsofaffi ba sa ƙirga da shekarun kalanda, da abin da ya faru suke ƙirgawa, sai ka tanadi ma'auninka. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, yaƙin Satiru 1906, yunwar Kakalaba wajen 1913 zuwa 1914, zuwan Sarauniyar Ingila 1956, 'yancin kai 1960, kisan Sardauna Janairun 1966, komawa tuƙi ta hannun dama 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973, sauya En'e da ƙananan hukumomi 1976. Wanda ya ce an haife shi "shekara biyu kafin zuwan Sarauniya" ya ba ka 1954 ke nan. Takardun da ke da shekarar Hijira kuwa, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka sami ta Miladiyya da kuskuren da bai wuce shekara ɗaya ba: 1321 za ta ba ka 1903. Wasu malaman da haruffa suke rubuta shekarar, wato ramzi, a ƙarshen waƙa. Wannan a kai wa wanda ya san hisabi, domin lissafin haruffan da ake bi a ƙasarmu na Magariba ne, ya ɗan saɓa da na Gabas.

Abin da ba a bazawa

Duk wanda ya tara tarihin gari ya tara har da abin da zai iya raba zumunci: wace zuriya ce ta fito daga bauta, wane gida aka ƙwace wa sarauta, iyakar gonar da har yau ake shari'a a kanta. A cikin kundin malami kuma akan sami laƙani da asirai da bai nufi kowa ya gani ba. Ba a ƙona irin waɗannan, ba a kuma gyara su don a faranta wa wani. A ba su lamba kamar saura, a rubuta "a rufe" a rajista, iyali da amintattu su yanke wa zai gani da kuma yaushe. Matashin da ke ɗaukar hoto a gaya masa tun ranar farko cewa babu abin da zai hau intanet sai da izini.

Ina za a ajiye?

Garin da ke da ɗakin karatu ko wani ɗaki a fada ko makaranta mai mai gadi, ya fi kyau kayan su zauna a gida, inda jikokin masu labarin za su gani. Argungu misali ce: tsohuwar fadar garin ce aka mayar Gidan Tarihi na Kanta, kayan Kabi suka zauna a ƙasar Kabi. Amma kwafi dole ya fita waje. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a gidan da Sardauna ya zauna. Akwai hukumar tarihi da al'adu ta Kano a Gidan Ɗan Hausa, da ta Sakkwato mai ɗauke da sunan Waziri Junaidu, wanda shi kansa har ya rasu a 1997 masu bincike daga jami'o'in duniya wajensa suke zuwa neman tarihin daular Usmaniyya. A Nijar akwai sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar binciken Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, wanda tushensa littattafan da Boubou Hama ya tara ne. Ɗakin karatu na ƙasar Birtaniya ma yana da shirin tallafa wa masu ɗaukar hoton takardun da ke cikin haɗari, kuma asalin takardun a ƙasarsu suke zama. Irin wannan nema ya fi sauƙi idan an haɗa kai da malamin sashen tarihi na jami'a mafi kusa.

Duk wanda za a ba asalin takarda, ko jami'a ce ko hukuma, sai da rubutacciyar yarjejeniya: aro ne ko kyauta, na wane tsawon lokaci, da jerin lambobin abin da aka karɓa.

Yana da kyau wani ya je Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ya nemi fayil ɗin gundumarku. Rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta lokacin tsara haraji sukan ƙunshi jerin masu gari da labarin kafuwarsa. A gwada da na marigayi. Inda suka saɓa kada a yi saurin ba Bature gaskiya, shi ma ta bakin tafinta ya ji, kuma wanda ya ba shi labarin yana da nasa buƙatun. A ajiye ruwayoyin biyu gefe da gefe.

Bugawa da tunawa

Idan ya bar rubutun da ya kusa zama littafi, a buga shi da sunansa, da kalmominsa, da karin harshen garinsu. Wanda ya shirya shi ya sa nasa gyaran da ƙarin bayanin a ƙasan shafi, yadda mai karatu zai bambance maganar dattijo da ta mai gyara. Abin takaici ne a ga wani ya kwashe wahalar tsoho ya sa sunansa a bango, ya ambace shi a layin godiya. A farkon littafin a sa tarihin rayuwarsa shi kansa: inda ya yi karatu, aikin da ya yi, da sunayen waɗanda ya ɗauki labari a wajensu. Ko shafi arba'in ne a buga, a kai makarantun garin.

Taron tunawa kuwa, wanda ya fi amfani shi ne wanda ke ci gaba da aikinsa. Sau ɗaya a shekara, lokacin hutun Sallah da 'yan gari ke dawowa gida, a zaga da 'yan makaranta wuraren da ya saba kai baƙi: kufai, tsohuwar rijiya, marina, gurbin ƙofofin gari. A roƙi kowane gida ya fito da tsohon hoto ko takarda a ɗauka a mayar masa nan take. A naɗa amintattu uku zuwa biyar, cikinsu har da ɗan gidan da mace aƙalla ɗaya, sannan a sami matashi ɗaya ko biyu da aka ga suna da ƙwazo a damƙa musu rajistar, a riƙa ba su ɗan abin sayen kati da kuɗin mota. Aikinsu na dindindin shi ne buɗe akwatunan sau biyu a shekara, kafin saukar ruwan farko da kuma bayan kaka, su duba ƙasan benci da jikin bango ko gara ta yi hanya, su ƙirga ƙunshin da rajista a hannu, su kunna ma'ajiyar hotunan su tabbatar tana buɗewa, su rubuta ranar da suka duba su sa hannu.